Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Shawarar Komawa Bayan Shika

Ya kai ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da jikokina. Mahaifiyarka ta shaida mini cewa ka ƙudurta barin gidan da kuke haya a Tudun Wadan Zariya idan kuɗin shekara ya ƙare, ku koma wata sabuwar unguwa da ke bayan Shika, saboda mai gida ya yi ƙari. Na zaɓi in rubuto maka ne domin na san halinka: a gabana sai ka sunkuyar da kai ka ce "to, Baba" ko da ba ka gamsu ba, alhali wannan magana tana bukatar ka zauna da biro da takarda.

A yadda aka faɗa mini, ana neman naira 450,000 a inda kuke, can kuwa ka samu ɗaki biyu da falo a kan 200,000. Rarar 250,000 ba ƙaramin abu ba ce ga ma'aikaci, musamman a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun watan Yulin 2024, kuma ban ga laifinka ba da idonka ya tsaya a kanta. Sai dai kuɗin haya sau ɗaya ake biyansa a shekara, shi ya sa yake da zafi kuma kowa yake ganinsa. Tsadar zaman bayan gari kuwa kullum ake biyanta, ɗari biyu nan, ɗari biyar can, har wata ya yi nisa mutum ya rasa inda albashinsa ya shiga.

Ka fara da kuɗin mota. Wurin aikinka yana Sabon Gari, kusa da PZ. Daga gidan da kake magana sai ka hau acaɓa zuwa bakin titi, ka shiga bas ko Keke Napep ka ratsa Samaru zuwa Kwangila, wata rana kuma sai ka sake hawa wani kafin ka isa. A ce abin da za ka riƙa kashewa zuwa da dawowa ya ɗara na yanzu da naira 1,000 kacal a rana. A kwana 22 na aiki ya zama 22,000 a wata, a shekara 264,000. Ka ga tun ba a je ko'ina ba rarar hayar ta tafi, har da ciko daga aljihunka, kuma wannan kai kaɗai ne, ba a sa matarka da yara a lissafi ba. Kada kuma ka ɗauka farashin zai tsaya inda yake. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye 1,000. Duk lokacin da mai ya tashi, wanda ya fi nisa da wurin aikinsa shi ya fi jin jiki. Lokacin da nake zaune a Samaru ina matashi, keke nake hawa zuwa cikin birni, kuɗin faci ne kawai asarata. Kai ba ka da wannan gatan, domin titin ya cika da manyan motocin da ke bin hanyar Funtuwa.

Sai ruwa, wanda shi ne abin da masu neman gida suka fi mantawa su tambaya. Yawancin sababbin unguwanni bututun famfo bai kai gare su ba. Rijiya takan wadatar da damina, amma daga watan Maris zuwa saukar ruwa sai ta ja baya, a koma sayen kura a hannun 'yan garuwa ko a yi layi a rijiyar burtsatsen wani mai hali, shi ma da kuɗi, domin da mai ko sola yake jawo ruwan. Gida mai yara ƙanana da wanki kullum ba ya wasa da jarka. Wuta ma haka take: sau da yawa mazauna unguwa ne suke haɗa kuɗi su sayi turaku da waya, wani lokaci har taransfoma, kuma ba a ɗauke wa ɗan haya wannan karo-karo. Ga kuɗin 'yan sintiri duk wata, wanda ba zan ce ka ƙi biya ba, domin ba ka manta abin da unguwannin gefen Zariya suka gani a hannun masu garkuwa da mutane a wajen 2021 ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafin lissafi. Za ka fita bayan sallar Asuba, ka dawo ana kiran Isha'i, yara sun yi barci. Danginmu duk suna cikin ganuwa, na matarka suna Tudun Wada. Suna, ɗaurin aure, gaisuwar mara lafiya da jana'iza ba sa ƙarewa, kuma kowanne zai zama tafiya mai cin kuɗi. Na ga mutanen kirki da nisa ya sa aka fara ce musu masu yanke zumunci, alhali kuɗin mota ne ya gagare su.

Ba na so ka ɗauka ban ga alherin wurin ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika kusa da ku, kuma wanda ya taɓa neman mota da tsakar dare da mara lafiya ya san darajar wannan. Hatsi da itace da gawayi sukan fi sauƙi a wajen, ga kasuwar Giwa ba nisa, inda za ka iya sayen buhun masara da kaka ka ajiye. Akwai sarari da matarka za ta yi kiwon kaji da awaki, kai ma ka samu 'yar gona. Amma duk waɗannan sun fi amfanar wanda ya zauna a nasa. Ɗan haya yana gyara wuri, unguwa tana cika, sai mai gida ya yi masa irin ƙarin da ya gudo dominsa.

Don haka shawarata ita ce, idan za ka fita bayan gari, ka fita a matsayin mai fili. Ka daure ka ƙara shekara ɗaya ko biyu inda kake, ko ka nemi ƙaramin gida a Hanwa ko Palladan inda mota ɗaya za ta kai ka aiki, ka shiga adashi da abin da ya saura. In ka tashi sayen fili, kada ka tsaya a kan takardar mai unguwa da shaidu kawai; ka bincika a KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna, ka tabbatar ba a cikin filin gwamnati ko na wata ma'aikata yake ba. Ka je ka gan shi a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, ka ga inda ruwa yake kwanciya da yadda hanyar take, domin filin da ya yi kyau da rani yakan zama fadama da damina.

Idan kuma zuciyarka ta riga ta tafi, to ka yi mini abu ɗaya kafin ka ba dillali ko sisi: ka yi mako guda kana zuwa aiki daga can, ka rubuta duk abin da ka kashe da lokacin da ka isa, ka kuma tambayi matan unguwar nawa suke sayen ruwa da bazara. Ka sa matarka a cikin shawarar, domin ita za ta wuni a gidan.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka taho da takardar lissafin mu duba tare. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a kawo mata yaran su kwana biyu.

Wassalam,
Mahaifinka.