Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Kwamitin Rumbun Abinci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙungiya, shugabanni da 'yan'uwa membobi, ga bayanin yadda rumbun abincin unguwarmu ya gudana daga Janairu zuwa Disamban 2024. Lissafin kuɗi da adadin buhunan da suka shigo suka fita yana cikin takardar ma'aji da aka liƙa a ƙofar sito. A nan aikin kansa zan yi magana a kai.

Ba sai an gaya wa kowa irin shekarar da muka gani ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba, kuma a watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A da, iyayen marayu da tsofaffi ne akasarin masu zuwa wurinmu. A wannan shekara har magidanta masu albashi, malaman firamare da masu gadi, sun riƙa zuwa bayan sallar isha, su raɓe nesa da fitila sai kowa ya watse sannan su matso.

Babban abin da nake so mu duba shi ne lokacin da gudummawa take shigowa. An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, kuma kafin goman farko ta wuce sito ya cika maƙil: katan-katan na taliya daga 'yan kasuwar Singa, sukari, dabino, shinkafa. Allah Ya saka musu da alheri. Amma ana sauka daga idi sai ƙafa ta ɗauke. Alhali wahalar gaske tana Yuli da Agusta, lokacin marka, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, tiyar gero ta kai inda ta kai. Abin da ya rufa mana asiri a watannin nan shi ne gero da dawar da muka saya tun kakar 2023 da kuɗin tiya ɗaya da kowane memba yake bayarwa duk wata. Wannan 'yar tiyar da wasu suke rainawa, har suke mantawa da ita, ita ta riƙe gidaje a tsakiyar damina. Ko a makon zanga-zangar da ta fara ranar 1 ga Agusta, da aka sa dokar hana fita kasuwanni suka rufe, da ita muka yi rabo. Matasanmu ne suka kwana gadin sito a kwanakin nan, ba wanda ya biya su.

A ɓangaren 'yan kasuwa, ba mai ba da kuɗi kaɗai ne ya taimaka ba. Wani dillali a Dawanau shi yake saya mana hatsi a farashin da yake saye, ba la'ada, ya kuma ajiye mana a sitonsa har mu tashi ɗauka. Masu injin niƙa biyu suna niƙa wa duk wanda ya zo da katinmu kyauta, domin ba ƙaramin abu ba ne ka ba mace masara alhali ba ta da kuɗin niƙa. Masu A Daidaita Sahu suna ba mu sawu ɗaya a mako. Gidajen burodi suna aiko da wanda ya kwana, mu raba shi kafin hantsi.

Aikin da ya fi burge ni na mata ne. A Fabrairu da Maris, lokacin da tumatirin rani na Kura da Kadawa yake cika Yankaba har ya rasa mai saye, 'yan gwari sun riƙa bar mana kwandunan da suka fara laushi. Matan ƙungiya suka zauna da wuƙaƙe suka yanka, suka shanya a kan buhuna a farfajiyar Islamiyya, ya zama kauɗa. Da damina ta yi nisa tumatiri ya gagari talaka, da kauɗar nan aka yi miya.

Ba kowace kyauta muka karɓa ba. Wani kanti ya aiko da madarar gwangwani da wa'adinta ya wuce, muka mayar cikin mutunci. Kayan da ya kusa ƙarewa muna so, mukan raba shi nan da nan. Wanda ya riga ya ƙare, kada a kawo mana. Haka batun wake: ƙwari sun huda mana wani ɓangare a bazara, wasu suka ba da shawarar a zuba masa maganin ƙwari na Sniper kamar yadda ake yi a kasuwa. Kwamiti ya ƙi. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015, to ina dalilin ba wa maraya? Mun koma buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda in an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu.

Game da rabo, har yanzu ba ma tara jama'a. Kun ji turmutsutsun rabon zakka a Bauchi a watan Maris, sannan a Disamba aka yi turmutsutsun Ibadan, inda yara 35 suka rasu, da na Maitama a Abuja da na Okija a Anambra. Allah Ya kiyaye gaba. Mu mai unguwa da limamai da matan kowane layi ne suke ba mu sunaye, a kai wa mutum har gida. Hoto kuma ba ma ɗauka. Wani mai ba da gudummawa ya nemi hoton masu karɓa don ya sa a Facebook. Muka ce ga hoton buhuna, ga rasit, fuskar mutane dai a yi haƙuri. Ya ɗan ji haushi, amma wata na zagayowa ya sake aikowa.

Da madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri ranar 10 ga Satumba, wasunku sun nemi a kwashi hatsin sito a aika. Ba mu taɓa shi ba, saboda don unguwar nan aka ba mu shi amana. Karo-karo na daban muka yi muka tura.

Membobi manoma, muna tuna muku zakkar amfanin gona. Idan ya kai wasƙi biyar, wajen kilo 650, ɗaya bisa goma ake fitarwa a noman damina, ɗaya bisa ashirin a noman ban-ruwa da injin. Wanda ya ga dama ya kai Hukumar Zakka da Hubusi, wanda ya kawo mana kuma littafinta daban ne, ba ma biyan hayar sito ko kuɗin mota da ita.

Rahoton nazarin yanayin abinci na Cadre Harmonisé da ya fito a Nuwamba ya yi hasashen mutum miliyan 33 za su shiga ƙuncin abinci a Nijeriya tsakanin Yuni da Agustan 2025. Azumin 2025 kuma farkon Maris ne. Don haka roƙon kwamiti ga masu ciyarwar azumi shi ne su raba abin da suka yi niyya gida biyu, rabi a kawo da azumi, rabi a rubuta alkawari sai Yuli. Masu shaguna, katan ɗaya duk wata ya fi mana goma a rana ɗaya. Waɗanda ake bin su bashin tiya, sunayensu suna wurin ma'aji, ba za mu karanta a taro ba, amma su daure su biya yanzu tun hatsi bai ƙara tashi ba.

Muna kuma neman katakon ɗora buhuna, domin laima ta taɓa na ƙasa a daminar da ta wuce, da kafinta da zai toshe inda ɓera yake shiga ta rufi. Hayar sito za ta ƙare kafin azumi. Wa'adin wannan kwamiti shi ma ya cika, za a yi zaɓe a taro mai zuwa, kuma mata sun nemi a ba su kujerar mai kula da sito.

Wassalam.
Sakataren kwamiti