Kafin ka kama ɗaki a garin ƙanƙara, tambayi inda hayaƙi ke fita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da iyayen da ƴaƴansu ke karatu a Maroko, da kuma ƴan'uwana masu zuwa ziyara Fas. Ni ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa nake sayarwa a babbar kasuwar Maraɗi, kuma lakwal ɗina bai yi nisa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hunturu ya kama, hotuna kuma sun fara yawo a WhatsApp: yaranmu tsaye cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, haƙora a waje, iyaye na ta tura wa juna ana masha Allah. Ni ma ina da irin hoton nan a wayata. Daren da ya biyo bayansa nake so in ba da labari.

A watan Janairun 2023 Allah ya nufe ni da ziyartar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815 kuma a can kabarinsa yake. Na hau kar daga nan zuwa Yamai, jirgi ya kai ni Kasablanka, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ni. Ɗana na uku yana karatu a jami'ar Fas, shi ya tarbe ni. Da na gama abin da ya kai ni, sai ya ce, “Baba, ba za ka koma gida ba ka taɓa ƙanƙara da hannunka ba.” Na ce ƙanƙara ai muna da ita a firij. Ya yi dariya, shi da wani abokinsa ɗan Tasawa, suka tasa ni gaba zuwa tashar manyan taksi masu zuwa garin Ifran.

Daga Fas zuwa Ifran bai fi kilomita 65 ba, amma hawa ne tun daga farko har ƙarshe, kunnuwa na toshewa. Garin yana kan duwatsun Atlas na tsakiya, sama da mita 1,600 daga bakin teku. Turawan Faransa ne suka kafa shi a 1929 don su riƙa gudun zafin rani, shi ya sa gidajen ba su yi kama da na Larabawa ba: rufin jan tayil ne mai tsini kamar hular ɗan sarki, don ƙanƙara ta riƙa zamewa kada nauyinta ya danne gini. A garin nan aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifili, a watan Fabrairun 1935. Mu nan in asuba ta sauka digiri 12 ko 13 sai ka ga kowa ya naɗe kai, ƴan kabu-kabu sun sa riga uku, ana cewa bana sanyi ya yi kisa.

Gaskiya wurin yana da daɗin gani, ba zan ɓoye ba. Mun tsaya a gaban zakin dutse da ke tsakiyar gari, inda kowa ke layi don hoto, sannan muka nufi Mishlifan, wajen kilomita 17 daga gari. Wani babban kwari ne, bakin tsohon dutse mai aman wuta, itatuwan da suke kira arz sun kewaye shi, tsayin wurin ya kusa mita 2,000, wato kusan daidai da dutsen Bagazan namu na Ayar. Masu kuɗi da waɗanda suka iya suna ɗaura dogayen katako biyu a ƙafa, da sanda biyu a hannu, suna gangarowa kamar an harbo su. Sauran jama'a, irinmu, ɗan katakon zamiya ake ba su haya, mai igiya a gaba. Ka ja abinka zuwa saman tudu, ka zauna, a tunkuɗa ka. A bakin hanya samarin ƙauyukan wurin sun jera takalman roba da safar hannu na haya, wasu na jan dawaki da aka yi wa ado ana hawa, wasu na sayar da shayi mai na'ana'a da wata miyar wake mai kauri da suke zuba wa man zaitun. Akwai masu dafa dodon-koɗi ana shan romonsa, wannan kam na ce a kai kasuwa.

Na hau katakon, Malam Edita. Ni da furfurata da babbar rigata. Yaran suka ce, “Baba, ka ɗaga ƙafa,” ni kuwa na kafe dugadugi don in rage gudu, abin ya juya da ni, na ƙarasa gangaren a kwance, hula ta yi gabas ni na yi yamma. Wani dattijo Balarabe ya ɗago ni yana “Ya Alhaji, ya Alhaji,” yana karkaɗe mini riga, dariya ta hana shi ƙarasa magana. A ido dusar nan kamar garin rogo take, a hannu kuwa ruwa ce. Tana shiga safa ta narke, kafin awa guda yatsun ƙafa sun daina ji. Duk wanda zai je ya karɓi takalmin robar nan komai muninsa, ya kuma riƙe busasshiyar safa a aljihu. Alwalar azahar da na yi a wurin, ruwan kamar reza ake ja mini a fuska.

Abin da na fi ɗokin gani shi ne tafkin Dayat Awa, da ke gefen hanyar Fas, don yaron ya sha turo mini hotunansa na dā: ruwa shimfiɗe, itatuwa jere a baki, ƙananan jiragen ruwa masu feda. Da muka isa, babu ruwa ko na wanke hannu. Fili ne fetal, ƙanƙara ta lulluɓe shi, jiragen a kife a gefe, masu dawaki na zagayawa da baƙi a tsakiyar inda dā kifi ke iyo. Direbanmu ya ce fari ne na shekaru a jere, ga kuma rijiyoyin burtsatse da masu gonakin tuffa suka haƙa ko'ina suna zuƙe ruwan ƙasa. Na tsaya shiru, tafkin Madarunfa ya faɗo mini a rai, inda muke zuwa cin kifi da ziyarar kaburburan waliyyai, da yadda injinan ban-ruwa ke ƙaruwa kowace shekara a fadamar Gulbi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan maganar wata wasiƙa ce daban. Akwai wani tafkin mai zurfi, Agelmam Sidi Ali, a kan duwatsu sama da mita 2,000 daga bakin teku, a hanyar Midalt bayan an wuce Timahdit, amma jandarmomi sun sauke shingen hanya saboda ƙanƙara, ba mai wucewa sai motar share hanya ta gama aikinta.

To, a nan kuskurena ya fara. Shirinmu mu koma Fas kafin magariba, ni ne na ce mu kwana, ina so in ga yadda gari ke wayewa a irin wannan wuri. Ranar Asabar ce, rabin mutanen Fas da Maknas da Rabat sun hauro. Otal-otal masu ɗumama ɗaki da bututun ruwan zafi sun cika, wanda ya rage kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna, ga dirhami ɗaya kusan sefa 60. Kusa da tasha akwai dillalai tsaye suna kaɗa makullai, alamar suna da gidan haya na kwana. Muka bi ɗaya, muka yi ciniki irin na ɗan kasuwa, na karya kuɗin har ina jin daɗin kaina. Na duba katifa, na ƙirga barguna, na leƙa bayi. Ban tambayi abin da ake ɗumama ɗakin da shi ba. Araha ba ta ado, ni da nake faɗa wa masu sayen atamfa haka kullum.

Abin da aka ba mu wata ƴar na'ura ce mai taya, da tukunyar gas a cikinta. Da muka ce sanyi bai ragu ba, mutumin ya ƙaro mana kaskon gawayi. Na ji daɗi ma, na ce ga abin da na sani tun ina yaro. Iska na shigowa ta ƙasan taga, na sa yaran suka cusa tsumma, muka shimfiɗa sallaya a ƙasan ƙofa. Ɗaki ya yi ɗumi, muka kwanta mu uku.

Shayin da na yi ta sha da rana shi Allah ya sa ya zama sanadin tsirarmu. Wajen ƙarfe biyun dare fitsari ya tashe ni. Na yunƙura, kai ya sara kamar an buga mini taɓarya, ƙafafu suka ƙi ɗaukata. Da rarrafe na isa ƙofa. Ba wai na gane abin da ke faruwa ba ne, bayi kawai nake nema. Da na buɗe, iskar waje ta buge ni, hankalina ya ɗan dawo, na kira yaron. Sau uku ina kira kafin ya amsa, murya kamar ta mashayi, “Baba, bar ni in yi barci.” Abokinsa bai amsa ba sam. Muka ja shi zuwa baranda, ya yi ta amai a kan ƙanƙara. Maƙwabta suka fito, wani ya sa mu a motarsa ya kai mu likita, aka ɗaura mana iskar numfashi har gari ya waye. Wayewar garin da na kwana don in gani, ta tagar ɗakin jinya na gan ta.

Likitar da ta duba mu ta yi wa yaron bayani da Faransanci, shi kuma ya juya mini. Duk abin da ke ci da wuta, gawayi ne ko gas ko itace, in iska ta yi masa kaɗan yakan fitar da wata guba da suke kira monoksid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari balle ta tashe ka. Jini kuma ya fi son ta a kan iskar da muke rayuwa da ita fiye da sau 200, sai ta kama wurin ta zauna. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da nauyin jiki, abubuwan da baƙo zai ɗauka gajiyar hanya ce ko mura. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka ji haka lokaci guda, a buɗe ƙofa a fita tukuna, a yi tambaya daga baya. Ta ƙara da cewa na'urar dafa ruwan wanka mai gas, in tana cikin bayi kuma ba ta da bututun fitar da hayaƙi, ita ma tana kwantar da mutane duk hunturu, kuma harshen wutar gas in ya bar shuɗi ya koma rawaya, na'urar ba ta ƙonawa daidai.

Daga baya na ga yadda ƴan ƙasa ke yi. Mun sauka Azru, kilomita 17 daga Ifran, garin da ya fi sauƙin sanyi da sauƙin kuɗi, inda birai ke tare mutane a dajin arz suna karɓar gyaɗa. A wani ɗan masauki na iyali na ga murhun ƙarfe a tsakiyar ɗaki, ana cusa masa itace, bututunsa ya huda bango ya fita waje. Ɗumi a ciki, hayaƙi a waje. Matar gidan, da ta ji labarinmu, ta riƙe baki ta ce ko su da aka haifa cikin sanyin nan ba sa kwana da kasko. Don haka ga abin da nake faɗa wa duk wanda ya zo shagona yana cewa ɗansa zai je ganin ƙanƙara: ya nemi ɗaki mai bututun ruwan zafi, ko na lantarki, ko murhu mai bututun hayaƙi. In ba a samu ba, ya ƙara bargo ya kwana da sanyinsa, ko ya hau taksi ya koma Fas, tafiyar awa ɗaya da ƴan mintoci ce. Kuma ya guji Asabar da Lahadi da hutun lakwal, don a ranakun ne ɗakunan kirki ke ƙarewa a bar baƙo da masu kaɗa makulli. Iyaye, in yaro ya ce a turo masa kuɗin yawo, a ƙara masa na masauki mai kyau, ko a hana shi duka.

Wani zai ce ai mu ma da kasko muka tashi, ba abin da ya same mu. Haka ne, amma a wane ɗaki? Ɗakin kakata na laka ne, rufin ciyawa, ƙofar asabari, iska na shiga ta fita yadda ta ga dama. Yanzu a unguwanninmu na Maraɗi irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo ɗakunan siminti muke ginawa, da silin, da tagar gilashi mai rufewa ruf, sannan mu ɗauko al'adar ɗakin ciyawa mu shigar. Na fi jin tsoron ɗakin maijego, inda ake rufe ko'ina don kada jariri ya sha iska, a ajiye garwashi a gindin gado.

Da na dawo gida na ce a ɗumama ɗaki da kasko in ana so, amma a fitar da shi tsakar gida kafin kowa ya kwanta, na sayo barguna huɗu na raba. Uwargida ta ce tun da na je ƙasar Larabawa na dawo da sabon addini. Har yanzu in dare ya raba nakan zagaya in leƙa, kuma sau biyu ina kama kaskon ya koma ciki.

Ina roƙonka, Malam Edita, a buga wannan kafin hutun hunturu, don a lokacin ne ɗalibai ke haɗa kuɗin taksi su hau dutse.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani mai sayar da shadda,
unguwar Zariya, Maraɗi