Na ƙera jitar lantarki da tsohon ƙyauren gidanmu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, don Allah ka ɗan sammin fili in yi magana kan wani abu da ya cinye min ranakun Asabar da Lahadi na wata 14 cur. Ni ma'aikacin ofis ne a Kaduna, ba kafinta ba ne ni kuma ba makaɗi ba, amma tun ina firamare nake son ƙamshin katako idan ana yanka shi, da na samu ɗan sarari sai na sayi zarto da cizal da magagari da filen na hannu na kafa ɗan benci a bayan gida ƙarƙashin rumfa. Na yi kujerar tsuguno, na yi allon karatu wa yara, na yi akwatin littattafai, daga nan ne zuciyata ta ce min sai jita. Kuma ba jita mai rami a ciki ba, ta lantarki, wadda gangar jikinta katako ne guda dunƙulalle ake jona ta da amfilifaya.

Duk wanda na faɗa wa tambayarsa ɗaya ce, nawa za ka sayar? Idan nace ba ta sayarwa ba ce sai kaga an yi shiru ana kallona. Wannan tambayar ita ta sa na ɗauki waya nake rubuto maka, don mu a nan an riga an saba duk abin da hannu ya yi to dole kasuwa aka nufa da shi, wanda ya yi don sha'awa kawai sai a ce bai da aikin yi. Alhali ita kanta jitar lantarkin a hannun irin waɗannan mutanen ta taso. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a Amurka, bai ma iya kaɗa jita ba, amma shi ya fito da samfurin jitar da ta zama Telecaster a 1950 sannan Stratocaster a 1954, kuma dabararsa irin ta mai gyara ce, ya haɗa wuya da gangar jiki da sukuru huɗu kawai yadda in wuyan ya lalace a kwance a sa wani. Kafin shi wani makaɗin jita, Les Paul, wajajen 1940 ya ɗauki guntun gungumen katako mai faɗin inci 4 ya ɗaura masa wuya da tsirkiya don ya gwada ko katako marar rami zai riƙe sauti. A Ingila kuma makaɗin jita Brian May yana yaro shi da mahaifinsa sun fara tasu a 1963, wuyan daga katakon tsohon murhun ɗumama ɗaki wanda ya haura shekara 100, sifirin da ke riƙe ƙarfen da tsirkiya ke hawa daga injin babur, alamomin kan wuya kuma daga maɓallan riga, kuma da ita ya yi ta kiɗa a duniya shekara da shekaru.

Ba sai mun je nesa ba ma. Makaɗi Mdou Moctar na Nijar, ɗan yankin Tahoua, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, wayar birkin keke ce tsirkiyarta. Marigayi Ɗan Maraya Jos kuma kowa ya san kuntiginsa gwangwanin kifi ne aka rufe da fata. Masu gurmi da garaya da molo ai ba shago suke zuwa saye ba. To ashe ba baƙon abu na ɗauko ba, abin da ya bambanta kawai shi ne ita wannan tana da lissafi mai tsauri, kuma zan zo kansa.

Maganar katako ita ce ta fara ba ni wahala. Na farko da na saya an ce min busasshe ne, na yanka na fere na fitar da siffar wuya mai kyau a watan Agusta ana tsakiyar damina, hunturu na shigowa a Disamba wallahi ya lanƙwashe kamar baka, aikin sati shida ya tafi. Abin ya min ciwo sosai, kwana biyu ban leƙa bayan gida ba. Wani dattijon kafinta a unguwarmu da nake zuwa wajensa aron abin matse katako ya ɗauki wuyan ya jujjuya ya ce "ɗana, ai wannan itacen bai gama mutuwa ba ka sa shi aiki." Nace Baba to ina zan samu wanda ya gama? Yace in je in duba tsofaffin gidaje. A nan na tuna ƙyauren zauren gidanmu na gado a Zariya da aka cire aka sa na ƙarfe, yana jingine a ɗakin ajiya ya fi shekara 10, na maɗaci ne, gara ta ɗan taɓa ƙasansa amma tsakiyar lafiya lau. Na roƙi yayanmu ya bar min, muka ɗaure shi a saman mota har Kaduna.

Malam Edita, ka san maɗacin nan da muke jiƙa ɓawonsa don ciwon ciki, ɗan uwan mahogani ne, danginsa ake kira mahoganin Afirka a kasuwar duniya kuma kamfanonin jita da yawa da shi suke yin gangar jiki da wuya. Itacen da 'yan katako ke kira afara shi ne ake kira korina, kamfanin jita na Gibson ya yi samfuran Flying V da Explorer da shi a 1958, waɗanda a yau suna cikin jitoci mafi tsada a duniya. Akwai wani katakon ma da sunan garin Sapele na jihar Delta ake kiransa a ko'ina. Kanya kuma dangin baƙin itacen nan ne mai tauri da ake shimfiɗawa a fuskar wuya. Maɗobiya fa, an yi ta sare ta a Taraba da maƙwabta ana lodawa zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta duniya kan cinikin itatuwa da namun dajin da ake gudun ƙarewarsu, ke sa wa ido a 2017. Gungume muke fitarwa a arha, ya dawo mana a goge da fenti da tambarin wasu. Shi ya sa ni na ƙi sayen sabuwar maɗobiya ko guntu, fuskar wuyan daga ƙafar wani tsohon gado na fitar da ita.

Gangar jikin ba ta da wani wahala, kauri milimita 45, na zana a kwali na yanka na bi da magagari da samfefa, ramukan fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da na wayoyi kuma da injin huda da cizal na ƙwaƙule su a hankali tunda ba ni da injin da ake yi da shi. Wannan duk kafintan da ke yin gado zai yi shi a kwana biyu.

Wuya shi ne aikin. Tsirkiya shida idan aka ɗaure su daidai suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai kilo 45 ko fiye, dare da rana, don haka dole a haƙa dogon rami a cikin wuyan a kwantar da rodin ƙarfe mai noti a kai wanda za ka riƙa juyawa kana miƙar da shi idan ya fara rusunawa. Nawa a kasuwar Panteka ta nan Kaduna aka yanka min aka yi masa zare, yaron da ya yi min ina nuna masa zane ya gane, har ya ba ni shawarar yadda zan naɗe shi da roba kada ya riƙa kaɗawa a ciki. Sai kuma ƙananan ƙarafunan nan da ke jere a kan wuya inda ake danna yatsu, furet ake ce musu. A nan ne babu "haka ma ya yi". Tsawon tsirkiya daga sama zuwa inda take hawa a ƙasa irin na Fender inci 25.5 ne, wato milimita 648, sai ka raba da 17.817 ya ba ka 36.4, nan furet na farko zai zauna, ka cire wannan daga 648 ka sake raba ragowar da 17.817 ya ba ka 34.3 na biyu kenan, haka za ka yi ta yi tazarar tana raguwa har zuwa na 21 inda ta koma milimita 11 da rabi. Na 12 kuwa dole ya faɗo daidai tsakiya, milimita 324, in bai faɗo nan ba to ka san ka kuskure a baya. Tsagar da furet ɗin ke shiga faɗinta bai fi rabin milimita da ɗan kaɗan ba, sai da na goge haƙoran wani siririn zarto a jikin dutsen wasa kafin ya yi daidai. Kuskuren rabin milimita a wajen kujera ba wanda zai gani, a nan kuwa kunnen yaro ma zai ji cewa sautin ya kauce.

Ni dai wannan wurin ya canja min yadda nake kallon aiki gaba ɗaya. Na lura yawancin kafintocinmu hannunsu na da kyau ƙwarai, abin da ya rage tef ɗin awo ne da fensir mai kaurin baki da kuma gaggawar mai kaya da ke tsaye a kai yana cewa gobe ne bikin. Ba wanda ya taɓa biyansu kuɗin haƙuri balle su saba da shi. Baban nan da na ambata da na kai masa wuyan na biyu ya sa ido ɗaya ya leƙa tsawonsa kamar mai saita bindiga, ya nuna min wani ɗan tudu kusa da furet na 7 wanda ni da rula ta ƙarfe ban gan shi ba. Da na ɗora rular a hankali na haska tocila ta baya, ga shi nan kuwa.

Fikof shi ne kunnen jitar, kuma abin mamaki ba wani abu ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa a samansa sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun ya haifar da 'yar wuta kaɗan a cikin wayar, amfilifaya ya ƙara mata ƙarfi ta fito a sifika. Duk mai naɗin kwayil na fanka ko janareta ya san wannan ilimin, bai dai san jita ma haka take ba. Bambancin wayar ce, lamba 42, sirantarta kamar gashin kai, kuma zagaye wajen 8,000 ake yi. Ita da maganaɗisun da furet da maɓallan ɗaure tsirkiya sai da na yi odarsu ta intanet, ba zan ce komai na gida ne ba. Naɗin kuma da keken ɗinkin uwargida na yi, na manna abin a jikin wilin hannu tana juyawa ina riƙe da waya tsakanin yatsu biyu, 'yarmu ta biyu tana ƙirga ɗari-ɗari tana sa ƙwayar wake a kwano. Sau uku wayar na tsinkewa muna komawa farko, na uku mun wuce 6,000. Da aka gama na narka kyandir da kakin zuma na tsoma shi ciki don wayoyin su kame kada su riƙa ƙugi.

Ranar da na fara jonawa babu abin da ya fito sai wani irin gurnani, zuuu, musamman da yake janareta muka tayar. Fikof mai kwayil ɗaya dama haka yake kwasar hayaniyar wutar gida, wannan ne ya sa Seth Lover na Gibson ya ƙirƙiro mai kwayil biyu da ke kashe gurnanin a shekarun 1950. Nawa matsalar har da wayar ƙasa da na manta ban liƙa da dalma a jikin ƙarfen da tsirkiya ke hawa ba. Na gyara, na shimfiɗa takardar alminiyam a cikin ramukan, gurnanin ya ragu sosai duk da bai tafi gaba ɗaya ba. Wani matashi da ke kaɗa jita a cocinsu, maƙwabcinmu ne, shi na kira ya gwada tunda ni ban iya ba. Ya bi wuyan tun daga sama har ƙasa furet bayan furet yana saurare, ya ɗago yace "Baba ai ta zauna." Gaskiya sai da idona ya ciko, don ƙyauren nan shi mahaifinmu yake turawa kullum asuba in zai fita masallaci.

Na san malamanmu suna da maganganu kan kiɗa kuma ina girmama su, ba wannan na zo tattaunawa ba, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da jita ba ga agogon bango, ga ƙaramin jirgi, ga akwati mai haɗin haƙora ba ƙusa, duk awo ɗaya suke nema da haƙuri ɗaya.

Roƙona gare ka Malam Edita shi ne ku ware ko rabin shafi ne a fitowar ƙarshen mako don masu aikin hannu na sha'awa, mutum ya turo hoton abin da ya ƙera da bayanin yadda ya yi da inda ya kuskure, da Hausa, da awo a rubuce. Duk abin da na koya na wannan aikin da Turanci na tsinto shi ina fassara wa kaina, yaron Panteka da ya fi ni basira ba zai iya bin wannan hanyar ba. Kuma ku tura wakilinku ya zauna da tsofaffin kafintoci da masassaƙa da masu haɗa gurmi ya rubuta sunayen itatuwa da yadda suke gane busasshe da ɗanye tun suna raye. Idan kun buɗe filin ni zan fara turo jadawalin furet 21 ɗin duka da zanen wuyan kyauta. Rabin ƙyauren yana nan ban taɓa ba, na ajiye shi a inuwa, yaran unguwa biyu suna zuwa duk Asabar bayan la'asar kuma mun riga mun fara zanen ta biyu a kwali.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku mai karatu,
daga Kaduna