Wasiƙa Zuwa Ga Ƙanena Kan Canza Tsohon Tamostat

Assalamu alaikum ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Baba da Inna da duk mutanen gida. Ka tambayi yadda ake canza na'urar bangon nan mai daidaita ɗumin gida a nan Ingila, wato tamostat. Tunda hannunka ya faɗa a wayarin, ba zai ba ka wuya ba.

Tamostat makunni ne kawai. A cikin da yawa daga tsofaffin akwai fallen ƙarfe iri biyu da aka manne, masu lanƙwashewa da zafi. Ɗaki na yin sanyi sai ya haɗa wuta zuwa boila, tukunyar da ke dafa ruwan da ke zagaya radiyetocin gida, wato ƙarafan da ke ɗumama ɗakuna.

Yawancin tsofaffin wutar bolt 230 ce a cikinsu. Saboda haka ka fara kashe makunnin boila, ka zare fiyus ɗinsa mai amfiya 3, ka jefa a aljihu don kada wani ya mayar. Ka gwada tesita mai baki biyu a inda ka san da wuta, sannan ka gwada kowace waya da 'yar'uwarta. Sukudirebar nan mai ƙwai kuwa ban yarda da ita ba, tana yaudara. Kafin ka kwance komai, ka ɗauki hoto, ka liƙa wa kowace waya lambar raminta, wato inda aka ɗaure ta a na'urar.

Ɗaya daga cikin tsofaffin da ake yawan samu a gidaje shi ne Honeywell T6360: rami na 1 layif, na 2 nutural, na 3 wayar da ke mayar da wuta boila. Kada launi ya ruɗe ka. Tsohon wayarin ja ne da rawaya da shuɗi, sabon kuma ruwan ƙasa da baƙi da ruwan toka, kuma kowane mai aiki da yadda ya ga dama ya jera su. Ramin da waya take shi ne shaida.

Nutural ɗin nan shi ke jefa mutane cikin asara. A tsohon, aikinsa ciyar da wata 'yar ƙaramar resista da ke ɗan ɗumama ƙarfen, domin ya yanke da wuri kafin ɗaki ya yi zafi fiye da kima. Sabon mai batir AA biyu ba ruwansa da shi, waya biyu kawai yake so: layif a ramin da aka rubuta COM, mai komawa boila a ramin da aka rubuta NO. Sai mutum ya ga waya ta yi saura, ga ramin NC babu kowa, ya cusa ta. Ana mayar da wuta layif ya gamu da nutural, fiyus ya tsinke, wani lokaci har makunnin cikin sabuwar na'urar ya narke ya manne. Ka ɗaure nutural shi kaɗai a kwanekta, ka tura baya. Salatef bai isa ba. Wayar at, wato ta kariya mai zuwa ƙasa, mai kore da rawaya ta tafi nata matsayin, kuma kada ka kuskura ka ara ta ta yi aikin nutural. In waya biyu kacal ka tarar a bango, to mai batir za a saya.

Ka karanta takardar boilar ma. Wasu da bolt 24 ko OpenTherm (hanyar sadarwa tsakanin tamostat da boila mai ƙaramar wuta) suke aiki, in ka tura musu 230 ka ƙone allon lantarkinsu. Buɗe cikin boilar gas kuma aikin mai rajistar Gas Safe ne, wato rajistar masu izinin aikin gas a nan.

A kafa tamostat ɗin kamar mita 1.5 daga ƙasa, nesa da rana, radiyeta da bakin ƙofa. Ka toshe ramin da wayoyi suka fito, don iskar cikin bango tana sa ya ɗauka ɗakin da sanyi. Radiyetar ɗakin a buɗe bawul ɗinta gaba ɗaya, in ba haka ba boila ba za ta huta ba.

Mayar da fiyus, tabbatar agogon ɗumama yana kunne, ka ɗaga zuwa digiri 25. Za ka ji ƙas, boila ta kama. Ka sauke zuwa 10, ta mutu. In famfon da ke tura ruwan boila ya ci gaba da juyi na 'yan mintoci, ba lalacewa ba ce, zafi yake kwashewa. Daga nan a bar shi tsakanin 18 da 21.

Ka gaishe min da Baba da Inna sosai, a ci gaba da sa mu a addu'a.

Naka,
Yayanka