Akodiyon ɗinka da zafin Afrilu

Tahoua, daren Alhamis

Ɗan'uwa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Abijan, ya uwargida da yara? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwar Lahadi da kanta.

Na san shirun ya yi yawa. Wallahi ba mantuwa ba ce, nauyin baki ne, don amanar da ka bar mini ta gamu da tsautsayi. Lokacin bikin auta gida ya cika, yara suka kwashe kayan ɗakina zuwa shagon kwano na baya, har da akwatin akodiyon ɗinka, abin kiɗan nan mai zugazugi da maɓallai, a kwance kuma. Cikin Afrilu fa! Ka san Adar, a inuwa ma zafi ya haura 40, balle ƙarƙashin kwano. Kwana biyar ya yi can. Ran da na ɗauko shi na ji abu yana ƙwaras-ƙwaras a ciki, gabana ya faɗi. Maɓalli uku in na danna, iska kawai ke fita.

Na zare 'yan ƙusoshin da ke riƙe zugazugin, na leƙa. Ashe 'yan harsunan ƙarfen nan masu ba da sauti, bibbiyu a kan kowane ɗan faranti, kaki ne ke riƙe su jikin katako, kakin zuma haɗe da ƙaro. Zafi ya narka shi, faranti uku suka zame. 'Yan fatun da ke rufe harsunan kuma wasu sun nannaɗe kamar busasshen ganye.

Tsohon nan mai gyaran agogo na bakin tasha na kai wa. Ina miƙa hannu ya buge mini yatsa, ya ce gumi ke jawo tsatsa, kuma kada in kuskura in ɗiga mai a ciki, ƙura ce za ta manne, muryar ta mutu. Muka sayo kaki wurin masu zuma, ƙaro kuma wurin mai goge, irin wanda yake shafa wa izga. Da ɗan ƙarfe mai ɗumi ya bi gefen kowane faranti, a hankali kamar mai sa kwalli. Baduku ya fere mana fatar akuya har ana ganin haske ta cikinta. Faranti biyu sun dawo daidai. Na ukun yana ɗan rawar murya, kuma shi ne ke hana ni barci.

Kai kuwa da kake rantsuwa ka fi son wannan akodiyon ƙirar Hohner da furar Inna, wasiƙa uku ba ka tambaye shi ba, sai maganar fili! Af, mutuminka na Galmi ya sayar da albasa bana ya sayi babur, yanzu gaisuwa ma daga sama yake yin ta. An ce zai ƙara aure bayan Sallah.

Yanzu dai akodiyon yana ɗakin ƙasa na Baba, inda sanyi yake, a tsaye kan ƙafafunsa don kada fatun su sake lanƙwashewa. Na lulluɓe shi da zane saboda ƙurar hunturu in ta zo. Duk Juma'a nakan fito da shi in taɓa kowane maɓalli, in goge da busasshen tsumma. Yara na hana su jan zugazugin ba tare da danna maɓallin iska ba, don kwali ne da ƙyalle da fata, ƙarfi yaga shi yake yi.

Ka duba mini can ko akwai mai sayar da 'yan fatun nan na asali, ka ba direba ya taho da su. Amma kada ka ce in aiko maka da shi. Laimar bakin teku tsatsa za ta sa masa cikin damina ɗaya. Ya zauna nan har ka dawo ka ji muryar ta ukun da kunnenka, ka gaya mini gaskiya.

Inna ta ce atamfar da ka alkawarta, shuɗiya take so.

Naka har kullum.