Rahoton ayyukan ƙungiyarmu na bana, da bayanin tafiyar Lagdo

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu ƴan ƙungiya, na nan Garwa da waɗanda aiki ko kasuwa ta kai Marwa, Ngawundare, Yawunde da Duwala. Kamar yadda aka saba duk ƙarshen shekara biro, wato shugabannin ƙungiya, ya ɗora min in rubuto abin da aka yi, don wanda bai samu zuwa reniyo, wato zaman ƙungiya, ba ya karanta a wayarsa. Ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo, maganar tafiyarmu tafkin Lagdo kaɗai ta isa rahoto guda, kuma ita ce aka fi ja-in-ja a kanta tun farkon shekara.

Zaman wata-wata an yi shi duka in banda ɗaya da ya faɗo a makon babbar sallah aka ɗage. Mun yi rashin mutum biyu a cikinmu bana, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta, an je jana'iza an zauna zaman makoki, kuma asusun taimako ya fitar da abin da dokar ƙungiya ta ce tun kafin sadakar uku. A nan dole a yi wa iyayenmu mata godiya ta musamman, su ne suka riƙe girki a gidajen biyu ba tare da an roƙe su ba. Suna da biki kuwa ba a magana, duk wanda ya sanar an je masa. Abin da ke damun biro shi ne har yanzu akwai waɗanda ba a ganin kuɗin watansu sai ranar da wani abu ya same su, sai su zo su biya na wata shida a dunƙule suna jiran a fitar musu washegari. Wallahi wannan ba daidai ba ne, hakkin waɗanda ke biya a kan lokaci ake shiga.

Aikin da ni a ganina ya fi kowanne lada shi ne na takardar haihuwa. Kowa ya san yadda yaro zai yi ta zuwa lakwal lafiya lau har ya kai ajin ƙarshe na firamare, sai an zo rubuta sunan masu jarabawar CEP a ce ba shi da akt, wato takardar haihuwa, shi kenan ya zauna gida, ƴa mace kuma sai a fara maganar aure. Kwamitin ilimi ya bi gida-gida a unguwar Yelwa ya rubuta yaran ƴan ƙungiya da na maƙwabta da ba su da ita, aka raka iyaye ofishin magajin gari da kotu, wasu sun samu wasu takardunsu na hanya. Wahalar da aka sha wajen neman shaidu da zirga-zirga ba kaɗan ba ce, shi ya sa muke roƙo don Allah duk wanda aka yi wa haihuwa ya je ya yi rajista tun kafin wa'adi ya wuce, ko ragon suna bai kai wannan takardar muhimmanci ga rayuwar yaro ta gaba ba. An kuma raba littattafai da biro da jaka ga marayu lokacin komawa makaranta a Satumba. Yashe kwata kafin damina matasa sun fito sau biyu, na biyun mutane sun yi ƙaranci.

To sai maganar Lagdo.

Lokacin da matasa suka kawo shawarar a je bakin ruwa a kwana biyu, zaman ya ɗau zafi. Wani babanmu ya ce ga marayu ga marasa lafiya, ku kuma za ku kwashi kuɗi ku tafi kallon ruwa kamar Nasara, ruwan ba ga shi nan ƙarƙashin gada ba. Maganarsa tana da nauyi kuma ba wanda ya raina ta. Abin da aka tsayar shi ne ko dala ba za a taɓa daga asusun taimako ba, mai zuwa ya biya nasa, sannan aka buɗe wani karo-karo daban na son rai domin kujerar yara da ta tsofaffi. Haka kuwa aka yi, ma'aji yana da takardar duk wanda ya ba da, wanda ke da shakka ya je ya duba.

An zaɓi hutun ƙarshen Disamba saboda yara suna gida kuma sanyi ya sauka, don kowa ya san zafin Garwa na Maris da Afrilu ba lokacin yawo da tsoho ba ne. Mun tashi bayan asuba da motocin haya biyu, muka haye gadar Binuwai muka kama hanyar Ngawundare sannan aka karya hagu. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba sai da ta ci mana fiye da haka, saboda samari biyu sun baro kart ɗinsu, wato katin shaidar ɗan ƙasa, a gida kuma an tsayar da mu a shingen jandarma, sai da shugaba ya sauka ya yi ta bayani. An faɗa a reniyo an faɗa a WhatsApp, kowa ya riƙo kart, amma ga shi.

Abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da mota ta sha kwana ruwan ya bayyana tsakanin duwatsu. Yaran da ke ta surutu tun daga gida sai tsit. Wata ƙaramar yarinya da ke kan cinyar kakarta ta ce Hajiya ina ɗaya gaɓar, don ita a saninta ruwa kogi ne, kana nan kana hango masu wanki a can. Hazo ya rufe ƙarshensa, ruwa da sama sun haɗe. Kuma shiru, ba hon ɗin moto ba ƙarar injin niƙa, sai ka ji kunnenka na wani iri kafin ka saba.

Masaukin da muka sauka irin ɗakunan bukaru ne masu rufin ciyawa suna fuskantar ruwa, wurin da kyau da iska, amma a nan ne muka yi kuskurenmu na farko. Ta waya aka kama ɗakuna ba a aika mutum ya gani da ido ba, da muka isa sai aka ce biyu daga ciki an riga an ba wasu baƙi, ɗaya kuma famfonsa ba ya kawo ruwa. Aka ba mata da tsofaffi ɗakunan da suka samu, mu maza da samari muka shimfiɗa tabarmi a baranda muka ɗaura gidan sauro. Ba wanda ya yi ƙorafi a lokacin, Allah ya saka, amma laifin na biro ne kuma mun ɗauka.

Da yamma aka je wajen baraj, wato madatsar ruwan. Ɗan'uwanmu malamin makaranta shi ya yi wa yara bayani, kuma gaskiya har mu manya mun ƙaru. Ya ce ƴan Sin ne suka gina shi daga 1977 zuwa 1982, aka fara aikin zamanin Ahmadu Ahijo wanda ɗan Garwa ne, tsawon bangon mita 308, tsayinsa mita 40, ruwan da ya tare kuma ya kai faɗin murabba'in kilomita 586. Injinan wuta huɗu ne a ciki, in duk suna aiki su ba da megawat 72, kuma shekara da shekaru daga nan wutar Garwa da Marwa da Ngawundare take fitowa. Wani yaro ya ce to Malam me ya sa ake ɗauke mana kuran ga ruwa nan da yawa. Ya ce masa ruwan da kake gani da yawa ba kullum yake kaiwa inda injin ke so ba, in damina ta yi ƙaranci ko rani ya yi nisa ruwa ya ja baya ƙarfin ya ragu, ga yashi da laka da kogi ke kawowa suna cika ƙasan tafkin a hankali, ga garuruwa sun ƙaru sun ninka yadda suke lokacin da aka gina, shi ya sa aka kafa na hasken rana a Marwa da Gidar don su tallafa. Aka kuma yi maganar ambaliyar 2012 da ta 2022, wanda ya ga ruwan 2012 a unguwannin bakin kogi ba sai an ba shi labari ba, kuma ƴan'uwanmu na Yola har su Makurdi da Lokoja sun sha wahala. Malam ya ce in tafki ya cika maƙil dole a buɗe ƙofofi, in ba haka ba bangon kansa ne ke cikin haɗari, abin da ake buƙata a sanar da mutanen da ke ƙasan baraj da wuri. Nan ne babanmu wanda ya yi adawa da tafiyar, don daga baya ya yarda ya zo, ya ce shi ya san kwarin Binuwai tun ba a tare shi ba, lokacin ruwa na malala fadama duk shekara in ya janye a dasa masakwa, bayan baraj gonaki da dama sun daina samun wannan ruwan, sai shinkafar rani ta shigo a ƙasan baraj. Yara suka zagaye shi suna ta tambaya har magariba ta kawo jiki.

Kwana na biyu aka shiga ruwa. Mai jirgin inji ya zo da jile, wato rigunan ceto, amma ba su kai yawanmu ba, shugaba ya ce ba wanda zai shiga ba jile, aka raba mu sahu biyu duk da mai jirgin na cewa ba komai ruwa a kwance yake. Wasu samari sun ji haushi saboda jira, ni kam ina tare da shugaba ɗari bisa ɗari, yaran mutane ne amana a hannunmu kuma yawancinsu ba su iya iyo ba. Muna cikin tafiya sai mai jirgi ya rage inji ya ce kowa ya zauna kar a miƙe, ya nuna da haɓa. Da farko ban ga komai ba sai wasu abubuwa kamar duwatsu a saman ruwa, can ɗaya ya kaɗa kunne ya feso ruwa ta hanci, ashe dorina ce har da ɗanta. Uwar ƙungiya ta damƙe bakin jirgi da hannu biyu tana ta salati, mai jirgin ya ce Hajiya kwantar da hankali, ba ma matsawa kusa da mai ɗa, ya yi baya ya zagaya ta nesa. Mun sauka a tsibirin agwada, ga su nan kan duwatsu suna shan hantsi, da ka motsa sai su shige kogo, yara da yawa ba su taɓa jin sunan dabbar ba ma. Daga nesa ya nuna mana tsibirin da ake kira Madagaskar inda masunta ke zaune.

A bakin ruwa wajen saukar kifi mun tarar da duniya guda, Musgum da Kotoko da mutanen Chadi da na Najeriya har da na Mali, ana ciniki da Fulatanci da Hausa da Faransanci a haɗe. Mata na ta banda hayaƙi ya turnuƙe. Wani dattijon masunci Bahaushe da muka gaisa da shi yana gyaran kalli ya ce kifi ya ragu ba kamar da ba, masu kamu sun yi yawa kuma wasu na sa raga mai ƙananan ido su kwashe har ƴaƴa, shi ya sa a damina ake rufe kamu na wasu watanni don kifi ya hayayyafa. Muka sayi karfasa da giwan ruwa guda babba, mata suka gasa a kan gawayi da yaji da albasa, kifin da bai yi awa biyu da fitowa daga ruwa ba daban yake da wanda ya sha hanya cikin ƙanƙara kafin ya iso kasuwa.

Wanka a tafki an hana yara gaba ɗaya, saboda dorina da kuma tsargiya, ƴar'uwarmu mai aikin asibiti ta yi musu bayanin yadda cutar ke shiga ta fata a ruwan da ke kwance har yaro ya fara fitsarin jini. Sun yi ƙwallo a kan yashi, sun hau dutse da rakiyar samari, ɗaya ya yanke a ƙafa da fasasshiyar kwalba aka wanke aka ɗaure, ya warke alhamdulillah. Wannan kwalbar ce ta sa kafin mu taso aka ba kowane yaro buhu muka tsince leda da robobi a inda muka zauna, namu da wanda muka tarar.

Daren ƙarshe bayan isha'i da aka yi a kan yashi ba wanda ya tashi, aka kafa shayi, fitilun masunta na ƙyalli can tsakiyar ruwa. Wata uwarmu da ke sayar da abinci a bakin kasuwa ta ce tun da aka kawo ta gidan miji ba ta taɓa kwana biyu a jere ba ta hura wuta da asuba ba sai a nan, ta faɗa tana dariya amma idonta ya kawo ruwa. Ni a wurina ko don ita kaɗai kuɗin motar nan bai tafi a banza ba.

Shawarar biro ita ce a sake baɗi in Allah ya kai mu, amma a aika mutum biyu mako guda kafin tafiya su ga ɗakuna su ba da kafin alƙalami su karɓo rasit, a yi magana da mai jirgi kan yawan jile tun daga gida, kuma a duba kart ɗin kowa kafin ya hau mota. Wasu sun kawo maganar a haɗa da gandun dajin Binuwai, wannan sai zama ya yanke don kuɗinsa ya fi haka. An kuma ce a fara karo-karon tun bayan ƙaramar sallah kaɗan-kaɗan, don matan da suka so zuwa bana kuɗi ya hana su samu shiga.

Cikakken lissafin shiga da fita na shekara yana wurin ma'aji, masu binciken kuɗi sun duba sun sa hannu, za a karanta shi a zaman farko na sabuwar shekara a gidan shugaba bayan la'asar kamar kullum. Masu bashin kuɗin wata don Allah a zo da shi ranar, na nesa su turo ta waya su aiko wa ma'aji da shaida. Iyayen da takardar haihuwar ƴaƴansu ke kotu su zo da rasit ɗin da aka ba su, kwamiti zai koma bibiya.

Wassalam, daga magatakardan ƙungiya a madadin biro.