Kafin ka ajiye karatun injiniya

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya karatu, ya zafin gari? Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Mahaifiyarka ta faɗa min abin da ka kasa faɗa min da bakinka, wai kana son ka bar karatun injiniya, saura shekara biyu ka gama, ka koma sashen tarihi. Ban yi fushi ba. Wanda ya yi shekara talatin yana koyar da tarihi ai bai da bakin hana ɗansa. Amma bari in ba ka labarin wani mutum tukuna.

Sunansa Asif Siddiqi, haifaffen Bangaladash, yanzu farfesan tarihi ne a Jami'ar Fordham da ke New York. Injiniyan lantarki ya karanta a Jami'ar Texas A&M, kuma sai da ya kammala. Tun bai da wani digiri na tarihi ya duƙufa kan abin da ya dame shi tun yana yaro, wato yadda Tarayyar Sobiyet ta yi tseren zuwa sararin samaniya da Amurka. A 2000 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta buga littafinsa, Challenge to Apollo, shafi sama da dubu. Digirin digirgir na tarihi sai daga baya ya yi shi, a Jami'ar Carnegie Mellon, ya gama a 2004. Littafin kyauta yake a intanet. Na kai shagon kwamfuta a buga min a takarda saboda idona, yaron shagon ya dubi yawan shafukan ya dube ni, ya ce, "Baba, duka?" Sai da muka yi kwana uku ana bugawa.

Aikin da ya ɗauko ba ƙarami ba ne, domin Sobiyet nasara kaɗai take shela. Duniya ta ji Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, a 1957, ta ji Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, a 1961. Amma mutumin da ya jagoranci ƙera rokokin, Sergei Korolev, an ɓoye sunansa har ya mutu a Janairun 1966, Babban Mai Zane kawai ake ce masa. Shi ɗin ma gwamnatin Stalin ta taɓa kama shi a 1938 ta tura shi sansanin gwale-gwale na Kolyma. A Oktoban 1960 wani roka ya fashe a Baikonur, filin harba rokokin Sobiyet, ya hallaka mutane da dama, har da Marshal Nedelin, shugaban rundunar makamai masu linzami, aka sanar da cewa hatsarin jirgin sama ne ya kashe shi. Da Amurkawa suka sauka a wata a 1969, sai Sobiyet ta nuna ita dama ba ta shiga wannan tseren ba. Sai wajen 1989 aka amsa.

Alhali sun shiga, har da jiɓin goshi. Sun ƙera wani ƙaton roka mai suna N1, inji talatin ne a gindinsa. Sau huɗu aka harba shi tsakanin 1969 da 1972, duka huɗun ya tarwatse. Na biyun, ranar 3 ga Yulin 1969, a kan dandalin harbawar ya faɗo ya ragargaza shi, ƙasa da mako biyu kafin tashin Apollo 11, kumbon da ya kai Amurkawa wata. A 1974 aka dakatar da shirin.

To ga inda nake son ka tsaya. Me ya sa inji talatin? Korolev ya saɓa da babban maƙerin injinan roka na ƙasar, Valentin Glushko, a kan irin man da za a yi amfani da shi. Sai ya koma wajen Kuznetsov, wanda sana'arsa injinan jirgin sama ce, aka tara ƙanana da yawa. Kuma ba a taɓa kunna talatin ɗin tare a ƙasa don gwaji ba, ranar harbawa ita ce ranar gwaji. Ni da na karanta wannan wurin, rigimar mutanen na gane ta sarai, amma maganar famfo da matsin mai haka na yi ta tsallakewa kamar makaho a kasuwa. Shi Siddiqi bai tsallake ba, saboda ya zauna ajin da kake son ka gudu daga cikinsa. Kuma da NASA ta tashi fitar da tarihin rayuwar Boris Chertok, mataimakin Korolev, da Turanci, juzu'i huɗu, shi aka ba aikin tacewa.

Shawarata, ka daure ka gama, shekara biyu kamar gobe ne. Idan son tarihin na nan bayan haka, ni zan fara biyan kuɗin fam ɗin. Kafin nan ka fara koyon wani harshe, ko Faransanci ne, don shi ma Siddiqi da takardun Rashanci ya yi aikinsa, ba da abin da jaridun Amurka suka ce ba.

Wani abu kuma. Ina zargin akwai darasin da ya kayar da kai a zangon nan, shi ya kawo wannan magana. In haka ne, ka faɗa min wanne ne, kada ka yi min irin ta Sobiyet.

Littafin yana ɗakina cikin kwali, in ka zo hutu ka ɗauka. Na tura wa kawunka kuɗin motarka.

Mahaifinka.